Ƙarfe mai tuna siffarsa: yadda ake lissafinsa don kwantar da jijjigar gada da gini

Duk wanda ya taɓa tsayawa bisa kadarko a babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, tsakanin Ƙonni da Madawa ko tsakanin Madawa da Maraɗi, lokacin da kamiyon albasa ya zo wucewa, ya san abin da za mu yi magana a kai. Sai ka ji ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafarka, jijjigar ta hau har gwiwa, motar ta wuce, komai ya lafa. Mu da ke tsaye mun manta ke nan. Kadarkon kuwa bai manta ba, don kowace jijjiga tana barin ɗan tabo a cikin siminti da ƙarfen da ke ciki, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da tsaga za ta bayyana.

Yau za mu kawo maku bayanin wani ƙarfe da injiniyoyi ke sa ma gadoji da dogayen gine-gine domin ya shanye irin wannan jijjiga. Ƙarfen yana da wani hali na ban mamaki: in an lanƙwasa shi yana komawa yadda yake tun farko, kamar ya tuna. Mu faɗi tun yanzu, nan Urno da Buza da Keita ba ƙasar girgiza ba ce, alhamdu lillahi. To amma ƴaƴanmu da ke tafiya cin rani ba su tsaya nan ba. Suna Aljeriya, inda girgizar ƙasar Boumerdès ta watan Mayun 2003 ta kashe fiye da mutum 2,000. Suna Maroko, inda ta ranar 8 ga Satumban 2023 ta kashe kusan 3,000. Suna Akara, wadda ta sha tata a 1939, kuma ko Abuja ta ji motsin ƙasa a unguwar Mpape cikin Satumban 2018. Da yawansu aikin gini suke yi, su ne masu ɗaure rodi da zuba siminti, wasu ma a cikin ginin suke kwana kafin a gama shi.

Inda aka samo shi

Maƙeranmu sun san cewa in ka gama ƙarfe biyu a wuta, abin da zai fito yana da halin da babu shi ga ko ɗaya daga cikinsu. Haka wanga ƙarfe yake. Gami ne na nikel da titaniyom, kusan rabi da rabi. Wani masanin ƙarafa mai suna William Buehler ya haɗa shi a 1959, a ɗakin binciken makamai na sojan ruwan Amurka da ke jihar Maryland, kuma daga sunan ƙarafan biyu da na ɗakin binciken aka tsago sunansa, Nitinol. Halin tunawar kuwa katsam aka gan shi. A wani taro na shugabannin wurin an miƙa wani sili na ƙarfen da aka nannaɗe, ana zagayawa da shi hannu-hannu, sai ɗaya daga cikinsu ya kunna abin da yake kunna lofensa da shi ya kara masa. Nan take silin ya miƙe sambal.

Tun daga nan ƙarfen ya shiga wurare da dama. Shi ne siririyar wayar da likitocin haƙori ke ɗaura ma yara don jera haƙora, shi ne ƴar ragar da ake zurawa cikin jijiyar zuciya in ta toshe, akwai kuma tabarau da ake yi da shi, ka murɗe hannunsa ya dawo.

To mene ne sirrin? A cikin kowane ƙarfe ƙwayoyin zarra a jere suke, sahu-sahu. In ka lanƙwasa rodi na gini har ya wuce iyakarsa, sahun nan zamewa suke yi bisa juna, kowace ƙwaya ta rabu da maƙwabciyarta ta samu sabuwa, shi ya sa rodin ke zama a lanƙwashe har abada. Shi Nitinol ba haka yake yi ba. Ku ɗauka ƴan mata ne a dandali, riƙe da hannun juna, suka karkata gefe gaba ɗaya amma ba wadda ta saki hannun ƴar'uwarta. Da an daina turin sai kowa ta dawo wurinta. Jeri biyu ƙarfen yake da su: na lokacin zafi, wanda masana ke ce ma ostenit, da na lokacin sanyi ko na lokacin da aka ja shi da ƙarfi, wanda suke ce ma martensit. Sauyawa tsakanin jerin biyu ita ce dukkan dabarar. Siffar da zai riƙa tunawa kuwa a masana'anta ake koya masa ita, a ɗaure shi yadda ake so a gasa shi wajen digiri 500.

Daga nan hali biyu suka fito. Na farko shi ne wanda aka gani a taron nan, a lanƙwasa shi da sanyi, a ɗumama shi, ya koma. Na biyu shi ya fi amfani wajen jijjiga: in an haɗa gamin ta yadda yanayin wurin ya riga ya fi zafin sauyawarsa, ba sai an kawo wuta ba, da an sake shi yake komawa, kamar danƙo. Wayar mita ɗaya ana iya janta ta ƙaru da santimita 6 ta dawo daidai. Rodi na gini mai tsawon mita ɗaya, in ya ƙaru da abin da ya wuce milimita 2 zuwa 3, ya tafi ke nan.

Amma danƙo kaɗai ba ya kwantar da jijjiga, kowa ya ga mota mai sifirin da abin shanye girgizarta ya mutu, sai tsalle take yi a hanya. Abin da ya bambanta Nitinol shi ne, ƙarfin da ake sawa wajen jansa ya fi wanda yake maidowa lokacin da yake komawa. Ragowar ta zama zafi, ta bi iska. Kowane zuwa da dawowa yana cinye wani kaso na jijjigar. Gaskiya kason ba shi da yawa sosai, akwai na'urorin mai da na ƙarfe gama-gari da suka fi shi shanyewa. Inda ya fi su shi ne maido gini tsaye bayan an gama girgiza. Ginin da bai faɗi ba amma ya karkace, ƙarshenta rushe shi ake yi.

Inda aka gwada shi

Mutanen Keita sun san Italiya, tun da kuɗinta ne suka ɗauki nauyin babban aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 tare da hukumar FAO, aikin da ya bar mana madatsan ruwa da miliyoyin itatuwa. To a can Italiya ɗin aka fara sa wanga ƙarfe a tsofaffin gine-gine. A watan Oktoban 1996 girgizar ƙasa ta tsattsaga hasumiyar cocin San Giorgio a ƙauyen Trignano, hasumiya mai tsawon mita 18 da rabi. Injiniyoyi suka zura sanduna huɗu na ƙarfe a kusurwoyinta daga sama har ƙasa, a tsakiyar kowane sanda suka sa damin wayoyin Nitinol 60, kowace kaurinta milimita 1. Aikin damin shi ne ya riƙe tubalan a matse, amma in girgiza ta zo ya ɗan saki, kada ƙarfen ya fi ƙarfin ginin ya murƙushe shi. A shekara ta 2000 wata girgizar mai kama da ta farko ta sake zuwa yankin, hasumiyar ta fita lafiya.

Haka aka yi a babban cocin Assisi bayan girgizar 26 ga Satumban 1997, wadda ta rufta rufinsa ta kashe mutum huɗu a ciki. An ɗaure bangon sama da rufin da na'urori 47 masu wannan waya.

Gada kuwa sai a 2017, a birnin Seattle na Amurka, bayan binciken shekaru da Farfesa Saiid Saiidi ya jagoranta a jami'ar Nevada. Nan ma ba duk ginshiƙin aka cika da Nitinol ba, don tsadarsa ta ninka ta rodi sau da yawa. A saman ginshiƙan kawai aka sa shi, daidai gaɓar da ke lanƙwasa in ƙasa ta motsa. Wannan tsada ita ta kai mu ga ainihin maganar yau.

Lissafin shi ne aikin

Ba a gina gada don a gwada ta a ga ko za ta faɗi. Kuma abu mai tsada ba a zuba shi da ka. Dole tun kafin a haƙa tushe a san waya nawa za a sa, mai wane kauri, a wane wuri, kuma yaya za ta yi in an girgiza ta. Hanyar sanin haka ita ce a gina gadar a cikin kwamfuta, a yi mata kwaikwayo da lissafi.

Ga yadda abin ke tafiya. Da farko a ɗakin gwaji ake ɗaure wayar a inji, a ja ta a saki, a ja ta a saki, ana rubuta nauyin da aka sa da tsawon da ta ƙara. In aka zana sakamakon a takarda sai ya fito kamar tuta bisa sanda: layi ya hau tsaye, ya kwanta ya miƙe gaba lokacin da jerin ƙwayoyin ke sauyawa, sannan wajen dawowa ya biyo ta ƙasa har ya koma inda ya taso. Faɗin tutar nan shi ne adadin jijjigar da wayar ta shanye a zagaye ɗaya. Aikin masu lissafi shi ne su samo ƙa'idar da za ta iya zana wannan tuta da kanta, a kowane nauyi da kowane zafi. Tanaka a Japan ya fitar da tasa a 1986, Graesser da Cozzarelli suka fitar da wadda aka yi musamman don girgizar ƙasa a 1991, Catherine Brinson ta kawo tata a 1993, Ferdinando Auricchio na Italiya a 1997. Har yau ɗaliban injiniya da waɗannan sunaye suke kwana suke tashi.

Daga nan sai a yanka gadar gunduwa-gunduwa a cikin kwamfuta, dubban ƙananan yankuna, kowane a gaya masa halin abin da aka yi shi da shi: wannan siminti ne, wannan rodi ne, wannan kuma Nitinol ne mai bin ƙa'idar tuta. Sai a kawo rikodin wata girgiza ta gaske, irin ta El Centro ta 1940 da aka daɗe ana amfani da ita, ko rikodin wucewar manyan motoci, ko bugun iska, a sakar ma gadar. Kwamfuta ta faɗi inda ya fi motsi, inda zai fara tsagewa, da ko ginshiƙi zai dawo tsaye. A canza yawan waya a sake. In lissafin ya yi kyau sai a gina ƙaramin samfuri a ɗora shi bisa wani babban teburi mai girgiza, a ga ko abin da kwamfuta ta faɗa gaskiya ne.

Abu guda da lissafin ke sa ma ido shi ne abin da muka sani a lilo. Yaro ƙarami yana iya kai babba sama in yana turawa daidai lokacin da lilon ya dawo. Kowane gini yana da nasa saurin lilo, in turi ya zo daidai da shi, motsi ƙarami sai ya zama babba. Gadar ƴan ƙafa ta Millennium a Landan kwana biyu kawai ta yi a buɗe cikin Yunin 2000 aka rufe ta, saboda takun mutane ya sa ta lilo, sai a 2002 aka sake buɗe ta bayan an sa mata na'urorin shanye motsi. Igiyoyin ƙarfe na gadoji masu rataye, irin ta Lekki da Ikoyi a Legas ko ta Kokodi a Abijan, su ma iska da ruwan sama kan sa irinsu kaɗawa. An gwada ɗaure irin waɗannan igiyoyi da wayar Nitinol a ɗakunan gwaji na Ispra a Italiya da Nantes a Faransa, kuma kaɗawar ta ragu sosai.

Yanzu ga wurin da maganar ta shafe mu kai tsaye, wato zafi. Nauyin da ake bukata kafin wayar ta fara sauya jeri ba tsayayye ba ne, yana hawa da zafin wuri. Mu ba da misali da waya wadda faɗin bakinta ya kai milimita ɗaya murabba'i. A digiri 20 tana fara sakin jiki in an rataya mata wajen kilo 45. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana ƙara mata fiye da rabin kilo. In ta kai digiri 50, sai an rataya mata fiye da kilo 60 kafin ta motsa. Ke nan na'urar da aka lissafta don sanyin Italiya, in aka kawo ta nan cikin bazara, watan Afrilu ko Mayu da iska kanta ke wuce digiri 40, ƙarfen da ke rana kuma ya fi haka nesa ba kusa ba, za ta iya sandarewa ta ƙi saki, jijjigar ta wuce kai tsaye cikin siminti. In zafin ya yi yawa ƙwarai ma sai ta koma halin rodi, ta miƙe ta ƙi dawowa. Sannan ita dai wannan waya dole ta yi aiki da asubahin hunturu, lokacin da muke zagaye da wuta a Tamaske ko Karofan. Tazarar da ke tsakanin waɗannan yanayi biyu dole ta shiga lissafi, kuma tun wajen haɗa gamin ake gyara ta, don ɗan canji ƙalilan a yawan nikel yana matsar da zafin sauyawa da digiri masu yawa.

Wani abin kuma, wayar da kanta tana yin zafi in ana janta da sauri, don sauya jerin yana fitar da zafi. Siririya tana hucewa nan da nan, sanda mai kauri kuwa zafin na taruwa a cikinsa, tutar ta ƙanƙance, shanyewar ta ragu. A Trignano dami na sirara aka sa, ba sanda guda ba. Ga gajiya kuma: girgizar ƙasa daƙiƙoƙi ce, amma kadarkon da ke kan hanyar albasa yana jijjiga dare da rana, shekara da shekaru. Lissafin da bai ƙidaya gajiyar ƙarfe ba bai yi mana amfani ba.

Me ya rage a gare mu?

Kada mu ruɗi kanmu. Abin da ke cin kadarko da hanya a ƙasar Adar da kwarin Tarka da Magiya ruwa ne da lodi. Ƙorama ta cika cikin damana ta ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashin tushe, ba wani ƙarfe mai tunani da zai hana wannan. Tsohon masallacin Damagaram da ya rushe a Satumban 2024 ruwan sama ne ya kayar da shi. Lodi kuma tun gwajin hanyoyi da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 aka gano cewa in nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi ma hanya tana kai wajen ninki 16. Ƙasashen UEMOA sun kafa dokar iyakance lodi tun 2005, kowa kuma yana ganin yadda kamiyoyi ke tashi daga kasuwannin albasa. A ganinmu buhun siminti da ba a rage ba, rodi mai kaurin da takarda ta ce, da sikelin auna mota mai aiki, sun fi mana gaggawa.

Amma dabarar kanta ba baƙuwa ba ce a nan. Duk wanda ya yi aikin ragar waya da ake cikawa da duwatsu a tare ƙorama a Keita ya ga yadda take lotsawa ta bi ƙasa in ruwa ya ci gindinta, alhali bangon siminti tsagewa yake yi. Gini mai ɗan sassauci ya fi daɗewa, kuma abin da injiniyoyin can ke nema ke nan, sai dai su sun ƙara da son ya dawo wurinsa.

Akwai kuma wani ɗan'uwan Nitinol mai araha da muke ganin shi zai fara iso mu. Gami ne na baƙin ƙarfe da manganiz da silikon, wanda aka gano halinsa a Japan a 1982. A 2014 an sa na'urorin shanye girgiza da aka yi da irinsa a dogon benen JP Tower na birnin Nagoya. A Suwizalan kuma cibiyar bincike ta Empa ta fitar da shi a siffar falle da rodi don gyaran tsofaffin gine-gine. Ana ja shi tun a masana'anta, a kawo shi a kafe shi ƙarƙashin dakalin siminti da ya fara tsagewa, sannan a ɗumama shi da lantarki ko da wutar gas zuwa digiri 160 ko fiye. Yana so ya koma gajere, kusoshi sun hana shi, sai ya matse simintin ya rufe bakin tsagar. Ba a bukatar manyan injinan ja, kuma ba sai an rushe kadarkon ba. Ga ƙasa irin tamu mai ɗimbin ƙananan gadoji da suka tsufa, wannan abin dubawa ne.

Nan ne muke ganin akwai aiki ga ƴaƴanmu da ke karatun injiniya a makarantar EMIG ta Yamai da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Ba sai an mallaki teburin girgiza ba kafin a fara. Manhajar OpenSees da jami'ar Berkeley ta fitar don irin wannan lissafi kyauta ce a intanet. Ma'aunin zafi da za a manna a jikin ƙarfen kadarko shekara guda cur, daga hunturu zuwa bazara zuwa damana, ba shi da tsada, haka ma na'urar auna jijjiga, wadda ƙaramarta tana cikin kowace wayar hannu ta zamani. Ranar da wani kamfani zai zo da ƙarfensa da takardun lissafin da aka yi a Turai, da waɗannan alƙaluma na Madawa za a zauna a duba takardun.

Ku kuma ƴan'uwa da ke aikin gini a Aljeriya da Maroko da sauran ƙasashen da ƙasa ke motsi, in kun ga injiniya ya matsa a ƙara yawan zobban rodi a sama da ƙasan ginshiƙi, ya ce a lanƙwasa bakin kowane zobe ya shige ciki, dalilin ɗaya ne da na gadar Seattle. Nan ne gaɓar da ke lanƙwasa in girgiza ta zo, kuma zobban ne ke riƙe simintin kada ya tarwatse kafin mutanen ciki su fita.